Fatar da ke saura bayan an rage ƙiba: tambayoyi kan tiyatar cire ta

Me ya sa fata ba ta komawa yadda take bayan mutum ya rame?

Fata tana da zaruruwa masu ba ta ƙarfi da talewa, kolajin da ilastin. Idan ta yi shekaru a miƙe saboda ƙiba, zaruruwan sukan lalace, kamar robar wando da ta saki. Wanda ya rage kilo 40 ko 50, ko ta tiyatar rage ciki (wadda ke rage yawan abincin da ciki ke ɗauka), ko da allurai irin su Wegovy, ko da tsarin abinci, sai ya ga fatar mara ta zubo kan cinya, ta damtse kuma tana reto in ya ɗaga hannu. Yawan shekaru, shan taba da daɗewa cikin ƙiba suna ƙara tsananta abin.

Motsa jiki ko man shafawa ba za su ɗame ta ba?

Motsa jiki yana gina tsoka, ya ɗan cike gurbi. Amma fatar da ta yi yawa ba ta narkewa. Mayukan da ake tallatawa a Instagram kuwa, kuɗinka kawai za su ci. Ko zuƙe kitse da bututu ba ya cire fata, wani lokacin ma ƙara sakinta yake yi.

To ba neman kyau ba ne kawai?

Ga wasu, haka ne. Amma a duba ƙarƙashin ninkin fatar mara a watan Afrilu: gumi ya taru, wurin ya yi ja, ya saɓule, ga ƙaiƙayi da wari, a sa hoda yau gobe ya dawo. Wasu tafiya ma wahala take musu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran jiki idan don kawar da cuta ko lahani ne, ta hana wadda ake yi don sauya halitta kawai.

Yaya ake yin aikin?

Ya danganta da wurin. A ciki, likita yana yanka daga ƙugu zuwa ƙugu a ƙasan mara ya cire fatar da ta zubo. A cikakken aikin yakan ɗinke tsokar ciki, ya fitar da cibiya ta sabon wuri. A hannu, tabon yakan tashi daga hammata har gwiwar hannu. Akwai na cinya da na nono, akwai kuma wanda ke zagaye ƙugu gaba da baya. Likitoci kan raba su zango-zango, da watanni a tsakani, don jiki ba ya ɗaukar duka a rana ɗaya.

Yaushe ya dace a yi?

Sai nauyi ya tsaya cak na aƙalla wata 6, wanda ga mai tiyatar rage ciki yakan kai wata 12 zuwa 18 bayan aikin. In aka yi gaggawa, mutum ya ci gaba da ramewa, fatar ta sake saki. Ana gwada jini, don masu tiyatar rage ciki sukan yi ƙarancin sinadarin ƙarfe, furotin da bitamin B12, ciwo kuma ba ya warkewa da kyau a haka. Mai shan taba zai daina makonni kafin aiki. Macen da ke son ƙara haihuwa gara ta dakata, domin juna biyu zai sake buɗe abin da aka ɗinke.

Ina haɗarinsa?

Taruwar ruwa a ƙarƙashin fata da buɗewar ɗinki su ne aka fi gani, shi ya sa ake barin siririn bututu na kwanaki, a kuma sa rigar matsi kusan mako 6, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Mafi muni shi ne daskarewar jini a ƙafa da kan iya tafiya huhu, abin lura ga masu zuwa Turkiyya a yi musu tiyatar, su hau jirgin dawowa kwana kaɗan bayan aiki.

Sai tabo. Ba ya ɓacewa, dusashewa kawai yake yi cikin shekara ko fiye. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai kumbura. Wadda hujin kunnenta ya taɓa yin ƙululu ta faɗa wa likita tun ranar farko, ta kuma tabbatar ƙwararren likitan gyaran jiki ne mai rajista, wanda a Najeriya hukumar kula da aikin likitoci, wato MDCN, ce ke ba shi lasisi.