Akwatin ajiye taba: abin da takardar mallakar ƙirƙira ta hana da wanda ba ta hana ba

Ana ta yaɗa cewa wai duk kafintan da ya haɗa akwatin ajiye taba mai naɗin ganye, irin wadda Kuba ta yi suna da ita, ya taka dokar ƙirƙira, har ma yana iya shan ɗauri. Zancen ba haka yake ba.

Ita wannan taba 'yar gata ce. In ta bushe ganyen waje ya tsage, in laima ta yi yawa ta yi fumfuna, shi ya sa ake riƙe danshin akwatin tsakanin kashi 65 da 72 cikin ɗari. To amma akwatin katakon sida (wato itacen cedar) da jiƙaƙƙen soso a ciki tsohuwar dabara ce, babu mai iya cewa tasa ce. Ba a ba mutum takardar mallaka sai a kan sabon abu, kamar 'yar jakar ruwan gishirin kamfanin Boveda na Amurka, wadda ke sakin danshi in ya yi ƙasa, ta tsotse shi in ya yi yawa.

Inda mutane ke rikicewa shi ne sunan takardar. Sai a ga an rubuta "na'urar daidaita danshi", a ɗauka mai ita ya mallake duk wata hanyar daidaita danshi. Ko kusa. Abin da kotu ke dubawa shi ne jerin iƙirarin da ke ƙarshen takardar, inda aka zayyana sassan ƙirƙirar ɗaya bayan ɗaya. In kayanka ba su ƙunshi kowane sashe na iƙirari guda ba, ko makamancinsa, ba ka shiga gonar kowa ba. Kuma kariyar ba ta har abada ba ce: shekara 20 ce daga ranar miƙa takardar nema, a ƙasar da ta bayar da ita kaɗai. A Amurka ma takan faɗi tun kafin nan in ba a biya kuɗin sabuntawa ba.

Dokar Amurka ta ambaci mai ƙerawa, mai amfani, mai sayarwa da mai shigo da kayan ba da izinin mai takardar ba, a matsayin waɗanda suka taka ta. Amma shari'ar diyya ce, ba ta laifi ba, babu gidan yari a cikinta. Mai takardar ne zai kai ƙara da kansa, kotu ta hana ci gaba da sayarwa ko ta yanke diyya, wadda alƙali zai iya ninkawa har sau uku in da gangan aka yi.

Wurin da ya kamata kafinta ya yi hattara shi ne kwaikwayon siffa. A Amurka akwai takarda ta daban mai kare fasalin akwati da adonsa, ba yadda yake aiki ba, ta shekara 15 daga ranar bayarwa. Sashe na 289 na dokar ƙirƙira ta Amurka ya ce wanda ya kwaikwayi siffar zai miƙa duk ribar da ya ci a kan kayan, kuma ba za ta gaza dala 250 ba. A ganina wannan ya yi tsauri, don mai sayen akwati yawanci ingancin katako da yadda murfi ke rufuwa ruf yake biya, ba lanƙwasar kusurwa ba. A 2016, a shari'ar Samsung da Apple, Kotun Ƙolin Amurka ta ɗan sassauta, ta ce ana iya lissafa ribar a kan sashen da aka kwaikwaya kaɗai, ba lallai sai kan kayan gaba ɗaya ba.