Bangon Mujallar Rolling Stone

Rolling Stone mujalla ce ta kiɗan rok da siyasa da al'adun matasa, wadda Jann Wenner da Ralph J. Gleason suka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 1967. Bangonta ya yi suna har mawaƙa suka ɗauki fitowa a kansa alamar cewa tauraronsu ya haska.

Farkon tsari

Fitowar farko tana ɗauke da kwanan wata 9 ga Nuwamba, 1967, an kuma sayar da ita senti 25. Ta fi kama da jarida: takarda mara sheƙi, hoto baƙi da fari, labarai kuma tun daga shafin gaba. Hoton John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles, ne a kai, sanye da kayan soja daga wani fim da ya fito a ciki. Tambarin sunan mai lanƙwasassun haruffa Rick Griffin ne ya zana shi, mutumin da aka sani da fastocin wasannin kiɗa na birnin. Daga baya Jim Parkinson ya sake masa fasali. An kuma saba zagaye shafin da layi biyu, mai kauri da siriri, wanda ya ba ta kamannin tsohuwar jarida a lokacin da takwarorinta ke cika shafi da launuka barkatai.

Zamanin masu ɗaukar hoto

Baron Wolman ne babban mai ɗaukar hotonta na farko, har zuwa wajen 1970. Annie Leibovitz ta shigo a 1970, ta zama shugabar sashen hoto a 1973, shekarar da ake dangantawa da soma buga bangon da cikakken launi. Ita ta kafa salon da aka fi sanin mujallar da shi: maimakon a ɗauki mawaƙi yana kan dandamali, sai a shirya shi a tsanake, da sutura ko zaman da zai bayyana halinsa.

Hotonta mafi shahara ta ɗauke shi ranar 8 ga Disamba, 1980, a gidan Lennon da ke New York. Lennon ba kaya a jikinsa, ya ƙudundune ya rungume matarsa Yoko Ono, ita kuwa tana cikin baƙar riga. A daren ranar aka harbe shi. Hoton ya fito a bangon 22 ga Janairu, 1981, ba kanun labari ko ɗaya, sai sunan mujallar kawai. A 2005 ƙungiyar editocin mujallun Amurka ta zaɓe shi bango mafi fice cikin shekaru 40.

Wasu mawaƙan sun yi wa bangon shaguɓe. Ƙungiyar Dr. Hook ta yi waƙa a 1972 tana kukan an hana ta hawa bangon. A Maris 1973 aka sa ta, amma da zanen barkwanci. A 1992 Kurt Cobain na ƙungiyar kiɗa ta Nirvana ya tsaya gaban kyamarar Mark Seliger da riga mai rubutun hannu da ke zagin mujallun manyan kamfanoni, kuma aka buga hoton a haka.

Girma da takarda

An koma takarda mai sheƙi a farkon shekarun 1980. A 2008 aka rage faɗinta zuwa girman sauran mujallu, a 2018 aka dawo da babban girma. Fitowa ta 1,000, a 2006, an yi mata bango mai hoton da ke nuna zurfi, cike da fuskokin taurari.

Taƙaddama

Bangon mawaƙiya Britney Spears na 1999 ya sha suka saboda ƙarancin shekarunta da irin shigarta. Na Agusta 2013, mai hoton Dzhokhar Tsarnaev, ɗaya daga cikin maharan gasar gudun Boston, ya sa shaguna irin su CVS da Walgreens suka ƙi sayar da fitowar.