Legas zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi?

Nisan nawa ne?

Kimanin kilomita 4,200 daga filin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an ja zare a miƙe a taswira.

To, awa nawa?

Jirgi na cin kusan kilomita 850 a awa. Awa biyar ke nan, ka haɗa da tashi da sauka, ka doshi shida. Amma kada ka rantse da shidan. Da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan a Afrilun 2023, kewaye jirage suka koma yi, tafiyar ta ƙaru.

Tikitina ya ce tashi ƙarfe 1 na rana, sauka 9 na dare. Ba awa takwas ba ke nan?

Haba Alhaji. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, kuma tikiti agogon garin da za a sauka yake rubutawa. Cire biyu.

Zan canza jirgi a Addis Ababa, tsakani awa ɗaya da rabi. Zai isa?

Ya danganta, kuma a nan mutane ke ƙonewa. Legas zuwa Addis awa biyar da 'yan mintoci ne, Addis zuwa Jidda kamar biyu da rabi. In tikiti ɗaya ne, kamfani ɗaya, aka kuma rubuta JED, wato alamar filin Jidda, a takardar da aka liƙa wa jakarka tun daga Legas, to yawanci yana isa. Ko jirgin farko ya makara, alhakin kamfanin ne ya sa ka a na gaba. In kuwa tikiti biyu dabam ejan ya haɗa maka don arha, ka rasa na biyu, kai ka jiyo, sai ka sayi sabo. Duba takardar jakar nan da idonka kafin ka bar kanta, kada ka ce ai sun sani.

Sannan awa ɗaya da rabin ba duka naka ba ne. Sauka, shiga bas, sake bin layin bincike, sun ci rabi. Ana kuma rufe ƙofar jirgi tun kafin lokacin da ke tikiti. In da tsohuwa a tafiyar, ko mai keken guragu, ni awa uku zan nema.

Ga kuma harami. Mai Umara da zai wuce Makka kai tsaye zai ƙetare mikati yana sama: Yalamlam ga mai tasowa daga Addis, Juhfa ga mai bi ta Alƙahira. Bayin jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne, mutum ba ya ko iya miƙa hannu. A ƙasa za ka ɗaura, ka yi niyya in an sanar a jirgi. Saboda haka haramin ya zauna a jakar hannu, ba a babbar da ta shige ƙarƙashin jirgi ba.

Katin allurar shawara dole ne?

Dole. Sau nawa za a faɗa?

Daga Agege nake, ai kusa ne. Yaushe zan fito?

Kusa a taswira, Hajiya. Ki kasance a filin awa uku kafin tashi, ki ware wa gosulo nasa dabam. Ki kuma jaddada wa direba ɓangaren ƙasashen waje za ki, kada ya sauke ki a MM2, ɓangaren jiragen cikin gida.