Takardun ƙaramar hukuma: abin da ɗan Kebbi ke da ikon nema ya gani

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kuma kowace tana samun kaso daga asusun tarayya duk wata, ban da abin da take tarawa a kasuwa da tasha. Duk kuɗin da ya shiga ko ya fita yana da takarda, sai dai mutane ƙalilan ne suka san doka ta ba su damar ganinta.

Shin talaka na da haƙƙin neman waɗannan takardu?

Yana da shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta ba kowa damar neman bayanan da ke hannun hukumomin gwamnati, ta kuma fayyace cewa ba sai mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Saboda haka tambayar nan da aka saba ji a bakin ofis, "wa ya aiko ka?", ba ta da gurbi a doka.

Ai dokar tarayya ce, ta shafi ƙaramar hukuma kuwa?

An shafe shekaru ana wannan jayayya, domin jihohi da dama sun dage cewa dokar ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata, har rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yanke hukunce-hukunce masu karo da juna. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, inda ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati.

Waɗanne takardu ne suka fi dacewa a nema?

Waɗanda suka shafi aikin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, da hannun da take da shi a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin rumfa a Jega yana iya tambayar nawa aka tara a shekara da inda aka sa shi. Mutanen ƙauyen da aka ce an haƙa musu rijiyar burtsatse suna iya neman takardar kwangilar, sunan kamfanin, da adadin da aka biya. Shi kuwa kason wata-wata ba sai an wahalar da kai ba, tun da Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa shi a intanet, kowace ƙaramar hukuma da nata. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Yaya ake nema?

A nan ne yawancin masu nema ke yin sakaci. A rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a ambaci dokar, sannan a faɗi takardar da ake so dalla-dalla: wane aiki, a wace mazaɓa, a kasafin kuɗin wace shekara. Wanda ya rubuta cewa yana son sanin "yadda ake kashe kuɗin jama'a" ya ba jami'i hanyar zillewa da hannunsa, domin babu fayil mai wannan suna a kowace sakatariya. A kai kwafi biyu, a tsaya har magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida; da wannan hatimin ake fara ƙirga kwana 7 da doka ta ba hukuma ta amsa, kuma tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Ba a biyan komai sai kuɗin kwafi. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi.

A ganina ya fi kyau ƙungiyar ci gaban gari ko ta 'yan kasuwa ta sa hannu tare, saboda a wurin da ciyaman zai iya zama surukin maƙwabcinka, mutum ɗaya yakan ji nauyin tambaya, kuma nan da nan a ce 'yan adawa ne suka turo shi.

Akwai abin da za a iya hanawa?

Akwai: sirrin tsaro, binciken laifi da ake cikin yi, da bayanan mutum na ƙashin kansa. Kuɗin kwalbati ko na gyaran aji ba ya cikinsu.

Idan aka yi shiru, ko aka ƙi fa?

Ƙin bayarwa dole ya zo a rubuce tare da sashen dokar da aka dogara da shi, shiru har wa'adi ya wuce kuwa ana ɗaukarsa ƙi ne. Daga nan mai nema na da kwana 30 ya kai ƙara babbar kotu, kuma hukuma ce za ta tabbatar cewa tana da hujjar hanawa. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana jawo tarar naira 500,000, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara 1. Idan aka ce fayil ɗin yana wata ma'aikata a Birnin Kebbi, ba aikin mai nema ba ne ya bi shi. Ofishin da ya karɓi wasiƙar ne zai miƙa ta can cikin kwana 7, ya kuma sanar da shi a rubuce.