Inshorar Mota da Haƙƙin Biyan Diyya Bayan Hatsari

Inshorar mota yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfanin inshora, mai mota yana biyan kuɗi a shekara shi kuma kamfani yana ɗaukar nauyin ɓarnar da motar ta yi idan an yi hatsari. A ƙauyukan Kano da Jigawa yawanci ana kiranta takardar mota kawai, ana ninke ta a ajiye a aljihun gaban mota tare da sauran takardu don nunawa ƴan sanda da ƴan rodi sefti a hanya, kaɗan ne suka san akwai kuɗi a bayanta.

Tarihi

Harkar inshora Turawa ne suka shigo da ita Najeriya, da farko wakilan kamfanonin Ingila ne ke yi wa ƴan kasuwarsu inshorar kayan da ake lodawa a jiragen ruwa. Royal Exchange Assurance ne ake ambata a matsayin kamfanin farko da ya buɗe reshe a Legas, wajajen 1921. Ita Ingila kanta sai a 1930 ta tilasta wa masu mota yin inshorar da za ta biya wanda aka bige, Najeriya kuma ta bi sahu da dokar inshorar ɓangare na uku ta 1945 wadda aka fara aiki da ita a 1950. Lokacin motocin Arewa galibi na kamfanonin gyaɗa ne da na sarakuna da ƴan kasuwa ƙalilan, talaka jakinsa ne motarsa, shi yasa dokar ta daɗe bata taɓa rayuwar mutumin ƙauye ba.

Gwamnati ta kafa kamfanin inshora nata mai suna NICON a 1969, sannan hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora a 1997. Dokar inshora ta 2003 ta ƙunshi ka'idar nan ta in ba a biya kuɗin shekara ba to babu kariya, ta kuma sa wa kamfani wa'adin kwana 90 ya biya bayan ya amince da ƙorafi. A 2025 shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbinta, a farkon watan Fabrairun 2025 ɗin kuma ƴan sanda suka fara tsaurara binciken takardar a hanyoyi.

Nau'o'i da farashi

Ta ɓangare na uku ita ce ta dole. Bata gyara motarka, bata biyanka kai direba, wanda ka bige ko ka lalata wa dukiya shi take biya. Shekaru da yawa kuɗinta naira 5,000 ne, daga 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta mayar da shi 15,000 ga ƙaramar mota ta gida, iyakar diyyar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000 ne, Adaidaita Sahu 5,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. Rauni ko rasa rai bashi da ƙayyadadden iyaka irin na dukiya. Cikakkiyar inshora ita ke haɗawa da motarka har sata da gobara, kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba, a ƙauye da wuya ka ga mai ita.

Yadda ake neman haƙƙi

Idan hatsari ya faru, misali motar ɗaukar kaya da ke dawowa daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ta bugi wani mai babur a hanyar Gumel, abu na farko kai wanda ya ji rauni asibiti, sai a sanar da ƴan sanda su rubuta rahoto, a ɗau hotunan wurin da lambobin ababen hawan kafin a janye su. Mai motar ne zai sanar da kamfaninsa da wuri cikin lokacin da aka rubuta a takardarsa, ya cike fom ya haɗa da lasisin direba, takardun mota, rahoton ƴan sanda, kiyasin gyara daga bakanike da rasitan asibiti. Kamfani yakan turo mutuminsa ya duba ɓarnar kafin a taɓa motar, don haka wanda ya yi gaggawar kai ta wajen mai gyaran jikin mota aka gyara to ya shafe hujjarsa da hannunsa. In direban bashi da lasisi, ko motar gida ce ake haya da ita, kamfani na iya kafa hujja da wannan ya ƙi biya. Wanda aka ƙi biyansa zai iya kai ƙorafi NAICOM ko kotu.

Sulhun bakin hanya

Nan ne abin ke cakuɗewa. A yawancin garuruwanmu kafin ɗan sanda ya iso jama'a sun taru, dattawan tasha da mai unguwa ko dagaci sun shiga tsakani, a ce ƙaddara ce Allah ya kiyaye gaba, direba ya amsa laifi ya ɗau nauyin magani, wani lokacin har ya sayar da akuya ko buhun gero don ya biya. Sulhun na da kyau wajen kashe wutar rigima, amma takardun inshora kusan duka sun hana mai mota amsa laifi ko yin alƙawarin biya ba tare da izinin kamfani ba, to kaga kuɗin da kamfani ya kamata ya fitar shi direban ne ya fitar daga aljihunsa.

Takardun bogi

Matsala ce tsohuwa, musamman wadda ake saya a hannun ƴan cuku-cuku a ƙofar ofishin lasisi. Ana iya duba sahihancin takarda da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID ta intanet.

Mahangar addini

Malamai da dama na ganin inshorar da aka saba akwai riba da rashin tabbas a cikinta, wasu sun halatta ta dole saboda larura. NAICOM ta fitar da ka'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2013 kuma yanzu akwai kamfanonin takaful da ke yin inshorar mota.