Yaron da aka sa wa robar kai: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyatar yara, kuma tambayoyin da iyayen yaran da aka yi wa tiyatar taruwar ruwa a kai ke yi mini kullum su ne, to bari in rubuta su.

Zan iya shafa man kaɗanya a ɗinkin?

A'a. Man kaɗanya, man shanu, toka, garin kafso, ko ɗaya. Ki bar wurin a bushe, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa. In kaka ta matsa ki ce likita ne ya hana.

Wai mece ce robar ma?

Siririn tiyo ne, shant muke ce masa. Yana ɗebo ruwan da ya taru a ƙwaƙwalwa, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji ya zuba a cikin cikin yaron, jiki ya shanye.

Laifina ne in ta kamu da ƙwayar cuta?

Kwantar da hankalinki baiwar Allah. Yawanci ƙwayoyin da ke zaune a fatar yaron ne suke maƙale wa robar tun lokacin tiyata, shi yasa matsalar ta fi fitowa a wata 6 na farko, kuma bakwaini da ƙananan jarirai sun fi haɗari. Naki aikin shi ne kula da ciwon da saurin dawowa.

Wanzami fa?

Haba jama'a. Aska ko tsaga a kan da roba ke kwance ƙarƙashin fata? Kar a kuskura. Gasa wurin da ruwan zafi ma a bari. Kuma a daina danna ɗan ƙullutun bayan kunnen nan, ɓangaren robar ne mai daidaita tafiyar ruwan, ba abin wasa ba ne.

Ya yi zazzaɓi, maleriya ce ko robar ce?

To nan ne ba ni da gajeriyar amsa. Yaro mai roba yana yin maleriya da mura kamar kowa, allurar rigakafi ma takan kawo ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ba kowane zazzaɓi ne robar ba. Amma a gida ba ki da yadda za ki bambance, mu kanmu sai an ɗebi jini, wani lokaci har ruwan kan ake ɗiba a auna, kuma ko gwaji ya nuna maleriya hakan bai wanke robar ba don biyun suna iya haɗuwa. Abin da nake gaya wa iyaye, in tiyatar ba ta wuce wata 6 ba ko wane zazzaɓi a kawo shi ranar, kuma ki buɗe baki ki ce yana da roba a kai tun kafin a tambaye ki. In ta daɗe, yana shan nono yana wasa, wataƙila a duba shi a asibiti mafi kusa ya isa, wataƙila fa na ce. Amma in maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko amai, ko barcin da ba ya tashi, ko ya ƙi nono, ko jijjiga, ko kika ga jan layi yana bin hanyar robar a wuya, ko ciki ya kumbura, ko ruwa garai-garai yana tsatsowa daga ɗinkin, ko da babu zazzaɓi, kar ki jira gari ya waye. Na taɓa karɓar yaro da aka yi kwana 5 ana ɗura masa maganin kemis, hular da aka rufe kan da ita ta manne da mugunya. Maganin kemis ɗin nan ɓoye ciwon yake, ya ɓata mana gwaji.

In ta kamu sai an cire?

Galibi e. Ƙwayoyin suna manne wa roba yadda magani ba ya kai musu sosai. A cire, a sa wata ta wucin gadi mai zubo da ruwan waje, a yi allurai ta jijiya, sannan a sa sabuwa.

Akwai robar da ta fi?

Akwai wadda aka jiƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, gwajin da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2019 ya nuna ta rage kamuwa daga kusan kashi 6 cikin 100 zuwa 2, sai dai tsada. Akwai kuma tiyatar da ba a sa roba, wadda Dakta Benjamin Warf ya bunƙasa a Mbale ta Uganda, amma ba kowane yaro ta dace da shi ba. Tambayi likitanku.

Zan iya goya shi?

Goya abinki. Ki dai riƙa juya masa kwanciya, kar ya daɗe a kan ɓangaren ƙullutun, fatar wurin siririya ce tana iya ƙujewa.