Mai Doguwar Akaifa na Sharpe

Mai doguwar akaifa na Sharpe, wanda masana ke kira Macronyx sharpei, ƙaramin tsuntsu ne mai waƙa da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a filayen ciyawa na tuddan Kenya, daga kimanin mita 1,850 zuwa 3,400 sama da teku. Frederick Jackson ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1904, ya sa masa sunan Richard Bowdler Sharpe, masanin tsuntsaye ɗan Ingila. Tsawonsa bai wuce santimita 17 ba. Bayansa ruwan ƙasa ne mai zane-zane, cikinsa rawaya da ɗigon baƙi a ƙirji, yatsansa na baya kuma yana da doguwar akaifa da ke taimaka masa tafiya a kan ciyawa yana kamun fara da ƙananan ƙwari.

Tun shekarar 2000 ƙungiyar IUCN mai kula da kiyaye halittu a duniya ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Ana ganinsa a Mau Narok da Uasin Gishu da gefen Dutsen Elgon, amma babbar matattararsa ita ce tudun Kinangop, tsakanin tsaunukan Aberdare da tafkin Naivasha, kuma a can ne matsalar ta fi bayyana.

Wannan tsuntsu ba ya zama a gona, ba ya zama cikin itatuwa. Abin da yake buƙata shi ne gajeriyar ciyawa da ke gauraye da wata mai tashi dunƙule-dunƙule, domin a gindin waɗannan dunƙulen yake yin sheƙa, a nan yake kwana, a nan kuma yake ɓuya daga shaho. Manoma kuwa ba sa ƙaunar irin wannan ciyawa, saboda dabbobi ba su cika cinta ba, sai manoman su tone ta ko su nome filin baki ɗaya. Bayan samun 'yancin kai a 1963 an raba manyan gonakin Turawa na Kinangop ga ƙananan manoma, gado kuma ya ci gaba da tsattsaga su, har filayen kiwo da yawa suka koma gonakin dankalin Turawa da kabeji ko shukar bishiyar turare. Babu adalci a ɗora wa manomin laifi, tunda abin da zai ciyar da iyalinsa yake bi. Sai dai mafi yawan wuraren da tsuntsun ke zaune filayen mutane ne, ba gandun gwamnati ba, don haka doka kaɗai ba ta isa ta kare shi ba.

Shi ya sa masu aikin kiyaye shi suka karkata ga kiwo. Ƙungiyar Nature Kenya, da tallafin World Land Trust, wata ƙungiyar kiyaye muhalli, ta sayi filaye a Kinangop ta keɓe su, ciki har da na Leleshwa. Mazauna yankin kuma sun kafa ƙungiyar Friends of Kinangop Plateau, a garin Njabini ana sayen gashin tumaki daga makiyaya ana kaɗa shi ana saƙa, domin mai fili ya ga ribar barin filinsa a matsayin wurin kiwo.